Tazarar Haihuwa ce ke Shanye Nonon Garke

A watan Agusta, idan ka bi hanyar Bukuru zuwa Vom a jihar Filato da hantsi, za ka yi ta cin karo da matan Fulani ɗauke da ƙore cike taf, kindirmo mai kauri, man shanu curi-curi yana iyo a sama. Ka sake bin wannan hanya a watan Maris. Matan su ne dai, shanun da ke ruga su ne dai, amma ƙwaryar da tatsar shanu huɗu ke cikawa yanzu sai an haɗa ta goma ba ta kai wuya ba. Duk wadda ka tambaya amsa ɗaya za ta ba ka: "Ai rani ne." Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai wannan asarar ido na ganinta. Akwai wata da ta fi ta girma, wadda ba ta bayyana a ƙwarya sai bayan shekara guda, kuma a kanta nake son mu tsaya.

Mu mutanen da muka tashi da dabba a gida, abu biyu muke ƙirgawa: kai nawa ne a garke, da kuma nawa aka tatsa yau. Da wuya ka ji an tambayi wata nawa ne tsakanin haihuwar saniya da haihuwarta ta gaba. Alhali nono ba ya zuwa sai da haihuwa. Saniya kan yi wata tara da 'yan kwanaki da ciki, kusan kwana 283. In ana so ta riƙa haihuwa duk shekara, dole ta sake ɗaukar ciki cikin wata uku bayan ta haihu. Farar saniyarmu, Bunaji, a irin kiwon da muka gada, ta fi yin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin ɗan maraƙi da ɗan maraƙi, haihuwar fari ma sai ta kai shekara huɗu ko biyar.

Mu yi lissafi, na misali kawai. Shanu biyu a gida ɗaya, kowace ana tatsar lita biyu a jikinta kullum har tsawon wata takwas, wato lita 480 a haihuwa guda. Ta farko tana haihuwa duk bayan wata 24, ta biyu duk bayan wata 14. A shekara shida ta farko ta haihu sau uku, ta ba da lita 1,440. Ta biyu ta haihu sau biyar, ta ba da lita 2,400, ga kuma ƙarin maruƙa biyu a turke. Da za ka shiga gidan da safe ka ga ana tatsar su, ba za ka ga bambanci ba, kowace lita biyunta take bayarwa. Bambancin yana cikin watannin da ɗaya ke cin ciyawa, tana shan ruwa, ana yi mata allura, ana kwana gadinta, ba ciki ba nono.

To me ke hana ta ɗaukar ciki da wuri? Sau da yawa ba cuta ba ce, ba kuma laifin bijimi ba ne. Yunwa ce. Allah Ya tsara jikin saniya yadda abin da ta ci zai fara tafiya wajen riƙe ranta, sannan nonon ɗan da ke binta, sai abin da ya rage ne zai je ga shirin wani cikin. Saniyar da ta haihu a Maris ko Afrilu, bayan ta sha wahalar rani da tsohon ciki, haƙarƙarinta duk a waje, daga naman jikinta take yin nono. Damina ta sauka, ta ɗan murmure, amma ɗan maraƙi yana tsotso, uwar gida tana tatsa. Kafin ta mayar da jiki har ta nemi bijimi, ciyawa ta bushe. Haka za ta shiga wani ranin babu ciki, sai wata daminar. Shekara guda ta tafi ke nan, ba wanda ya lura, don ba ta kwanta ciwo ba.

A nan ne ya kamata mu fahimci tumbi. Saniya ba ita ke narka ciyawa da kanta ba. A tumbinta akwai ƙananan halittu bila adadin, su ne ke rugurguza ciyawar, ita kuma ta amfana. Su ma suna bukatar sinadarin gina jiki, wato furotin, kafin su yi aiki, kuma masana sun nuna in furotin ɗin abincin ya gaza kusan kashi 7 cikin 100, aikinsu yana ja baya. Busasshiyar ciyawar Janairu da Fabrairu ba ta kai wannan ba, ko kusa. Shi ya sa za ka ga saniya ta yini a daji, ta dawo ciki tim, ta kwana tana tuƙa, amma kullum ramewa take yi. Karan dawa da bambaron acca da muke da su a Filato suna cika ciki ne kawai. Amma ka ɗora musu ɗan harawar wake ko ta gyaɗa, ko kamar kilo ɗaya na tunkuza ko na dusar angurya, sai tumbin ya farka, karan da a da yake wucewa a banza ya zama abinci. Wannan shi ne sirrin da masu turka ragon layya suka daɗe da sani, mai shanu ne dai yake ganin garkensa ya yi yawa ga irin wannan hidima.

Gaskiya ne ya yi yawa, in aka ce kowace dabba sai ta samu. Amma ba kowace ke bukata ba. A garken kai talatin, waɗanda ke cikin wata biyun ƙarshe na ciki da waɗanda ba su wuce wata uku da haihuwa ba, ƙila ba za su fi shida ko bakwai ba a lokaci guda. Su za a ware da yamma, a zuba musu a komi daban, a sa musu gishiri da kanwa ko dutsen lasa. Abin da ake yawan yi shi ne a jira sai saniya ta kasa tashi, sannan a ruga kasuwa neman dusa, a lokacin da dusar ta fi tsada kuma amfaninta ya fi ƙaranci. Buhun da aka kashe wajen tayar da wadda ta faɗi, da an raba shi tun Disamba, da ya riƙe uku a tsaye.

A yi hattara da dusa mai funfuna da masarar da ta sha ruwa, ko da an karya farashinsu. Akwai gubar da funfuna ke haifarwa, afalatoksin, wadda ke bi ta jikin saniya ta fito a nono, tafasawa kuma ba ta kashe ta. 'Ya'yanmu ne ke shan nonon nan kafin na kowa.

Ruwa kuwa ba sai an yi dogon bayani ba: kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Saniyar da ake kai wa rafi sau ɗaya a yini, ta yi tafiya mai nisa zuwa da dawowa, wani kaso na abin da ta ci a hanya ya ƙare. Tsofaffin ramukan kuza da suka zama tafkuna a Bukuru da Barikin Ladi suna taimakon masu lambu da makiyaya, amma bakin ruwan da ba ya gudu da fadama su ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar hanta. Wanda ya samu hali ya ja ruwan zuwa kwatami, ya fi a bar shanu su tsunduma ciki.

Yanzu ga wata magana da ba kasafai ake faɗinta a taron wayar da kai ba, ni kuwa ina ganin ita ce gindin matsalar. A yawancin gidajen Fulani, saniya tana hannun maigida, nono kuwa na uwar gida ne. Da kuɗin nono take cefane, ta sayi sabulu, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Shi kuma maigida idonsa yana kan ɗan maraƙi, don shi ne garken gobe. To wa zai sayi dusa? Maigida yana ganin in ya saya, ribar a ƙwaryar matarsa za ta fito. Ita kuma tana ganin ba za ta ciyar da dabbar da ranar sayarwa ba a shawara da ita ba. Tsakanin waɗannan biyun sai saniya ta kwana da yunwa, ɗan maraƙi kuma ya zama abin ja-in-ja: a bar masa nono biyu ko ɗaya? Duk wani shiri na bunƙasa nono da ya tara maza a ƙarƙashin bishiya ya bar matan da ke tatsa, suke kaɗa mai, suke tallar, ya kama reshe ya bar tushe. Haka ma idan kamfani ya zo ya fara biyan kuɗin madara a asusun maigida, an raba mace da abin hannunta, kuma ba za a ga tsabta da kulawar da ake nema daga gare ta ba. Gidajen da na ga sun ci gaba su ne waɗanda miji da mata suka zauna suka yanke cewa daga kuɗin nonon damina za a cire wani abu a sayi harawa, daga kuɗin bijimin da aka sayar ma a cire wani abu, ita kuma ta san tana da kaso a maraƙin da ta raina.

Shi ɗan maraƙin, rayuwarsa a sa'o'in farko take yankewa. Ana haifar sa ba shi da garkuwar jiki, daga dakashi yake samu. Hanjinsa yana iya tsotse wannan garkuwar sosai ne a sa'o'i shida na farko, bayan kwana guda kuwa ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya. In saniya ta haihu da dare a sanyin Disamba na Jos, ɗan ya kasa miƙewa har gari ya waye, an riga an yi asara ko da ya rayu, don shi ne za ka ga zawo da tari ba sa barin sa. A tashi a kama masa ya sha, ko a tatsa a ba shi. A shafa wa cibiyarsa aidin. A yi masa makwanci busasshe inda iskar hunturu ba ta dukan sa. Dattawanmu da suka ɗaure maruƙa a dangwali da dare, su sake su lokacin tatsa, sun yi hikima: Bunaji ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta, amma kuma ɗan da ke manne da uwa dare da rana yana jinkirta mata neman bijimi. Tsotso na ƙayyadadden lokaci, safe da yamma, tare da koya masa cin ɗanyar ciyawa da 'yar dusa tun yana makonni kaɗan, yana amfanar uwar da ɗan. Maraƙar da ta tashi da ƙoshi ita ce karsanar da za ta haihu tana shekara uku maimakon biyar.

Batun cuta kuma, mu a Jos ba mu da uzuri irin na sauran jama'a. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom tun 1924, an kafa ta ne musamman saboda bushiya, annobar da ta sha share garkunan kakanninmu, wadda ta sake yin ɓarna a ƙasar nan a farkon shekarun 1980. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, kuma da rigakafi aka yi wannan aikin. Har yau a Vom ake yin allurar rigakafin ciwon huhu, da na harbin daji, da na saifa. Daga jihohi masu nisa ake zuwa saye, amma za ka tarar da garken da ke jin kiran sallar Vom ba a yi masa ba. Rigakafin ciwon huhu da na saifa duk shekara ake sabuntawa, na harbin daji kafin damina ta kankama. Sharaɗinsa sanyi: allurar da aka ɗauko a aljihu aka yini da ita a rana ta zama ruwa. Saifa ba tatsuniya ba ce, a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, ba a feɗe ta, ba a cin ta, likita ake kira.

Amma cututtukan da suka fi cin nono ba masu kisa ba ne, masu zama ne shiru. Bakkale na gaba. Saniya ta yi ɓari a wata na shida ko na bakwai, mahaifa ta maƙale, ta daɗe ba ta sake kamawa ba, wata kuma gwiwarta ta kumbura da ruwa. Sai a ce tsautsayi ne, a jefar da ɗan tayin a bayan shinge, karnuka su ja, sauran shanu su sunsuna wurin. Haka take zagaye garke. Tana kama mutum ma, ta ɗanyen nono ko ta taɓa mahaifa da hannu tsirara, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. Duk saniyar da ta yi ɓari a ware ta, a binne abin da ya fita da zurfi, a ɗebi jininta a kai gwaji. Nonon da za a sha a gida kuwa a tafasa shi kafin a kwantar, wannan yana kare iyali daga bakkale da tarin fuka a lokaci guda.

Sai ciwon hantsa. Wanda ake gani, mai kumburi da zafi da gudaji, shi ne kaɗan. Mafi yawansa ba ya nuna alama, nono ne kawai ke raguwa, kindirmo ya ƙi kwanciya da kyau. Ta hannun mai tatsa da tsumman shafa yake yawo daga wannan zuwa waccan. Maganinsa bai kai kuɗin kwano ɗaya na fura ba: a wanke hannu, a fara tatsa biyu-uku a wani baƙin mazubi a duba ko akwai gudaji, a bar mai ciwon a ƙarshe, a tsoma kan nonon cikin ruwan aidin bayan an gama. Ƙofar kan nono takan ɗauki kamar rabin sa'a kafin ta rufe, don haka a zuba wa saniya abinci nan take yadda za ta tsaya a tsaye, kada ta kwanta cikin kashi da taɓo. A kuma daina tatsa wata biyu kafin haihuwa, hantsar ta huta. Na san da wuya a ce wa mace ta bar lita guda da take samu a tsakiyar rani, amma wannan litar daga haihuwa mai zuwa ake rantowa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta da ake kira LA ta zama maganin komai. Boru, wato ciwon baki da kofato, LA. Rama, LA. Zawo, LA. Boru ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wannan allura ba ta kashe ta, iyakarta ta taimaka wa gyambon kada ya ruɓe. Kowace kwalba akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikinta da bai kamata a sha nonon dabbar ba, amma da safe a yi allura, da safen gobe nonon yana kasuwar Taminus ta Jos. Ragowar maganin ne ke hana nono kwanciya, shi ne kuma ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, a jikin dabba da jikin mutum. Haka batun kaska: wasu da maganin feshin gona suke wanke shanu. Sannan duk dabbar da aka sayo daga Kara ta Bukuru, komai kyanta, a turke ta nesa da garke mako uku zuwa huɗu. Ciwon huhu da ƙafarsa yake shigowa gida, galibi a jikin saniyar da aka samu da araha.

Na san tambayar da ke ran mai karatu: me zai hana a sayi saniyar Turawa a huta? Wani yayana da ke kiwo a gefen Zawan ya yi wannan tunanin. Ya sayar da farare uku ya sayo wata mai ruwa biyu, baƙa da fari, hantsa har tana neman taɓa ƙasa. Na ce masa, "Yaya, me za ta ci a watan Fabrairu?" Ya ce, "Abin da 'yan'uwanta ke ci mana." Watanni biyu na farko gidan ya ga nonon da bai taɓa gani ba. Da rani ya tsananta sai ta zube, kaska ta rufe ta, kirci ya fito mata a baya, ta shekara ba ta sake ɗaukar ciki ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, don ba saniyar ce ta gaza ba, kuma shi ma ba ganganci ya yi ba, ba a faɗa masa gaskiyar abin da take bukata ba ne.

Ba ina hana haɗa iri ba ne. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana haɗa irin shanun Turawa na Firiziyan da Bunaji, kuma 'yar farko, mai rabi da rabi, tana ninka nonon uwarta in ta samu kulawa. Tudun Jos, da ke sama da mita 1,200 daga teku, yana da sanyin da irin waɗannan shanu ke so, shi ya sa tun zamanin Turawa ake harkar madara a Vom. Amma sanyi ba ya kashe kaska. Babbar kaskar nan mai zane a baya, wadda Bunaji ke yawo da ita ba ta damu sosai ba, ita ce ke sa wa baƙuwar saniya cutar da ke tara ruwa a zuciya, ta yi ta juyi ta faɗi cikin kwana biyu. Gwargwadon yawan jinin Turai a jikin dabba, gwargwadon raunin jikinta a kan kaska da kirci da sammore. Ga ci: mai ba da lita goma za ta iya shan ruwa lita 50 zuwa 70 a yini, kuma bayan ciyawa mai kyau ana lissafa mata kusan kilo ɗaya na haɗin dusa kan kowace lita biyu zuwa biyu da rabi. Ga gidan da ke da fili, da ruwa, da mai yanko ciyawa, da likitan da za a kira ya zo, shanu biyu ko uku irin waɗannan sun fi garke. Ga wanda shanunsa ke tafiya mashekari, gara ya zaɓi bijimi daga uwar da aka san ta da nono da saurin haihuwa a cikin fararen nan namu, ya kuma riƙa canza shi kada ya hau 'ya'yansa.

Barbarar zamani ma, wadda ma'aikaci ke ɗura wa saniya maniyyin bijimi, ba ta aiki sai da ido. Saniya kan nemi bijimi duk bayan kwana 21 ko kusa da haka, kuma abin bai cika wuce yini guda ba. A Bunaji ya fi gajarta, sau da yawa ma da dare yake zuwa. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cak 'yar'uwarta ta hau ta. In an gani da safe a yi da yamma, in da yamma a yi washegari da safe. Wanda ya kuskure sai bayan mako uku. Wannan ne ya sa nake roƙon kowane gida ya sayi littafin makaranta guda ɗaya, a damƙa wa yaron da ya iya boko ko ajami. Kowace saniya da shafinta, da sunan da ake kiranta: ranar haihuwa, ranar barbara, ranar allura, da awon nononta sau ɗaya a mako. Makiyayi ya san zuri'ar kowace dabba har kaka da kakanni a ka, wannan ba mai ja. Abin da kai ba ya riƙewa shi ne kwanan wata.

Littafin nan zai faɗi abin da zuciya ba ta so. Zai nuna guzumar da ta shekara uku ba ta haihu ba, da wadda nononta biyu suka mutu, da wadda ta yi ɓari sau biyu. Sayar da su ba abu ne mai sauƙi ba. Wata gadon mahaifi ce, wata sadakin uwar gida, wata an ba yaro ranar suna. Ban raina wannan ba, don shi ne ya riƙe shanu a hannun iyalai tsawon zamani. Amma ana iya sayar da juya a sayi karsana da sunan mai ita, ragowar kuɗin a zuba a harawa. Ga kuma halin da muke ciki: burtali ya toshe, gonaki da gidaje sun cinye makiyaya, satar shanu da rikicin da ya addabi Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu sun salwantar da rayukan manoma da makiyaya duka. Babban garken da dole sai ya yi nisa kafin ya ƙoshi, kullum a bakin hatsari yake.

A shekarun 1980 cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Afirka, ILCA, ta gwada wa makiyayan yankin Kachia killace fili a shuka ciyawar sitailo mai furotin, a ajiye ta don masu ciki da masu shayarwa su riƙa shiga na 'yan sa'o'i da rani. Dabarar ta yi aiki a jikin shanu. Abin da ya hana ta yaɗuwa shi ne tsadar waya, da gobarar daji, da kuma cewa ba mai shuka ciyawa a filin da ba shi da tabbacin za a bar masa baɗi. A 2024 gwamnatin Shugaba Tinubu ta kafa ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya, aka naɗa Idi Mukhtar Maiha minista. Abin da zan so in gani daga gare ta da gwamnatin jiha ba rabon shanun waje ba ne. Tabbacin fili ne, da ma'aikacin lafiyar dabbobi mai babur da akwatin sanyi a kowace gunduma, da wurin tara madara mai firijin sola. Domin ɗanyar madara sa'o'i kaɗan take yi ta juya, shi ya sa gidaje da yawa ba sa tatsar yamma ko da akwai nonon, ba inda za a kai shi. Mace ba za ta sayi dusa don ƙarin litar da ba ta da mai saye ba.

Abin da ke hannun gida kuwa lokacinsa ƙarshen damina ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Ciyawa tana da ƙarfinta ne kafin ta yi fure sosai, don haka a Filato yankan ingirici daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba ya kamata a yi, da zarar an fara samun rana ta kwana biyu-uku a jere, ba a Disamba da ta zama tsinke ba. Harawar wake da ta gyaɗa a saya a gona wajen maƙwabci manomi tun da ganyenta kore, ko a yi musaya da taki, wanda masu dankalin Turawa da masu lambu ke nema ido rufe. Wanda ke da gonar masara zai iya shuka waken lablab a tsakanin kunya bayan masarar ta yi gwiwa. Mai shanun turke kuma ya ware wani yanki na masarar, ya yanke ta dukkanta lokacin da ƙwayar ta wuce ruwa-ruwa ba ta gama tauri ba, a daddatsa kamar gaɓar yatsa, a zuba a rami, a tattake har iska ta fita, a rufe da leda a danne da ƙasa. Bayan mako uku zuwa shida ta nuna, ƙamshinta tsami-tsami, kuma za ta kai Maris in ba a bar ruwa ko ɓera ya huda ledar ba. Ingirici da harawar a ɗora su a kan rumfa, a rufe samansu, kada su taɓa ƙasa saboda gara, kuma a yi musu nesa da murhu.